Lifosom da zafin Birnin Kebbi: inda aikin leb ya kwana

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Malam ya sa hannu kan furofozal ɗina yau da hantsi, don haka aiki ya tashi daga takarda ya koma kwalba. Zan riƙa ajiye bayanin abin da ake ciki lokaci zuwa lokaci, na farko saboda 'yan ajinmu da ke damuna da tambaya a WhatsApp, na biyu saboda ranar da zan zauna rubuta babi na huɗu kar in dafe kai ina tunanin mi ya faru wata kaza.

Ga wanda bai san abin ba, lifosom wani ɗan mitsitsin ƙunshi ne na mai, ruwa a cikinsa ruwa a wajensa, bangonsa kuma tantani ne mai ninki biyu na fosfolifid, irin man nan da ya kewaye kowace ƙwayar halitta ta jikinmu. Shi fosfolifid kansa na son ruwa, wutsiyoyinsa biyu kuma ba su shiri da ruwa ko kaɗan, to in ka zuba shi cikin ruwa ba sai ka ce mishi komai ba, da kansa zai jeru kai waje wutsiya ciki, ya naɗe ya rufe. Maganin da ke narkewa a ruwa sai ya zauna tsakiya, wanda ke narkewa a mai ya maƙale cikin bangon. Alec Bangham ne ya fara ganinsu a cibiyar Babraham kusa da Kambirij ta Ingila farkon shekarun 1960, shi ma ba magani ya fita nema ba, likitan jini ne mai binciken tantanin ƙwayoyin halitta. Sai farkon shekarun 1970 Gregory Gregoriadis a Landan ya fara zuba abubuwa ciki da niyyar a aika su cikin jiki.

Ni ba sabon magani nake nema ba, kar wani ya je gari ya ce ɗan Kebbi ya gano maganin daji. Tambayata ƙarama ce: wane haɗin mai ne zai iya riƙe abin da anka zuba mishi a zafin garin nan, kuma har zuwa yaushe. Lifosom ɗin maganin daji da ake sayarwa, su Doxil su Onivyde su Vyxeos, a kwalinsu an rubuta a ajiye tsakanin digiri 2 da 8. Mu kuma mun san firij ɗinmu, mun san wutarmu.

Litinin, 27 ga Janairu

Kaya sun iso. Lesitin, wato fosfolifid na waken suya, akwai shi da yawa don shi ne mai araha, kolestarol akwai, kulorofom da metanol Baba mai kula da leb ya fiddo daga sito ya sa na sa hannu a littafi. HSPC, wato man waken suyan nan dai amma wanda anka ƙara wa haidurojin har ya yi tauri, daga waje yake zuwa ta Legas, ɗan kaɗan ne kuma kuɗinsa ba a magana.

Tsohuwar hanyar Bangham munka bi. Ka auna mai da kolestarol, ka narkar da su cikin kulorofom da ɗan metanol a filas mai zagayayyen gindi, ka ɗaura shi kan injin rotari, filas na juyawa cikin ruwan ɗumi famfo na zuƙe tururin, ruwan na ta ja baya sai ka ga wani dishi-dishi ya fara kwantawa jikin gilashi daga sama shina bin ruwan ƙasa. Baba ya cire filas ɗin ya ɗaga shi saitin taga ya juya a hankali, ya ce "ɗana, duba nan," ya nuna mini wani zobe mai kauri can ƙasa inda man ya taru. Ya ce in fatar ba ta kwanta bai ɗaya ba ruwa ba ya shiga ta daidai, guda-guda za ka samu, a rage ƙarfin zuƙa a ƙara gudun juyi. Wadda ta biyo baya shara-shara ta fito, sai ka karkata filas kafin ka gan ta.

Ana barin ta ta kwana ƙarƙashin zuƙa don ragowar kulorofom ya fice, don guba ne ga hanta. Da safe ka zuba ruwan bafa mai ɗumi, wato ruwan da ke hana tsami hawa da sauka, ka yi ta juyawa har fatar ta kumbura ta saki gilashi, ruwan ya koma fari tas. Waɗannan manya ne, bango kan bango, ba a kai ga na sa wa a jijiya ba tukuna.

Malam ya ce babu mai taɓa doksorubisin yanzu. Za mu fara da wakilai biyu: kurkumin, sinadarin da ke ba kurkur launinsa, mai son mai ne zai zauna a bango, da metilin bulu mai son ruwa da zai zauna ciki. Dukansu masu launi ne, in sun zubo ido zai riga inji gani. Hazo ya yi yawa satin nan, komai sai an lulluɓe da foyil, in ba haka ba da safe ka iske ƙura kwance cikin bika.

Talata, 4 ga Fabrairu

Yau ranar yaƙi da ciwon daji ta duniya. Mu a Kebbi zancen ba baƙo ba ne sosai albarkacin Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid, wadda a 2024 anka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya UICC. Ƙiyasin 2022 ya ce sama da mutum 120,000 ke kamuwa a Najeriya cikin shekara, sankarar mama ce a gaba.

Ban shiga leb ba yau, ina asibiti wurin aikina na famasi, kuma ranar kemo ce, wato ranar sa wa masu daji magani ta jijiya. Wanda bai taɓa ganin doksorubisin ba, ja ne jawur. Sista na zuƙo shi a babban sirinji, safar hannu biyu, ta zauna gefen gado ta riƙa tura shi sannu a hankali cikin ruwan da ke tafiya, idonta na kan wurin allura don in ya kauce jijiya ya shiga nama cinye wurin yake yi. Tana turawa tana cewa matar, "Hajiya, fitsari zai yi ja yau da gobe, ba jini ba ne, kar ki tsorata." Asalinsa daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa anka samo shi a Italiya, kuma har yau da shi ake fara yi wa yawancin matanmu masu sankarar mama, miligiram 60 kan kowace murabba'in mita ta jiki duk sati uku, haɗe da saikulofosfamaid. Shina aiki, wannan babu musu. Matsalarsa bai san nasa ba bai san bare ba, gashi ya zube, baki ya yi gyambo, ɓargo ya rage yin jini, mafi muni kuma naman zuciya, don ɓarnar da yake yi mata taruwa take ba ta gogewa. Shi ya sa ake lissafa wa mutum duk abin da ya sha a rayuwarsa, in ya kusa miligiram 450 zuwa 550 kan murabba'in mita sai a dakata ko da ƙarin bai gama mutuwa ba.

Nan Doxil ya shigo. Doksorubisin ɗin nan ne dai, an ƙunshe shi cikin lifosom mai girman nanomita 100 ko ƙasa kaɗan (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya), bangon HSPC da kolestarol, an kuma yi wa bayansa gashi-gashi na wani sinadari mai son ruwa da ake ce wa PEG don ƙwayoyin tsaron jiki kar su yi saurin gane shi su kwashe. Aikin Yechezkel Barenholz da Alberto Gabizon ne, Amurka ta amince da shi a 1995, farko don sankarar Kaposi da ke kama masu ƙanjamau, daga baya sankarar gidan ƙwai na mata da wata ta ɓargo. Shi tsuran magani cikin mintuna yake barin jini ya watsu ko'ina, wanda ke cikin ƙunshi kuwa sai ya yi wajen awa 55 kafin rabinsa ya bar jini.

Abin da masu talla ba su cika faɗi ba, a babban gwajin da anka buga a 2004 kan mata masu sankarar mama da ta bazu, na ƙunshin bai fi tsuran kashe ƙari ba, kusan kunnen doki sunka yi. Zuciya ya tsare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta riga ta sha kasonta na jan ruwa, amma dai a faɗi abu yadda yake.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Satin rage girma. Na farko girgiza da sauti, ka tsoma kwalba cikin bahon injin shina ta tsuwa har cikin haƙori, farin ruwan ya riƙa washewa ya koma garai-garai da ɗan shuɗi-shuɗi in ka haska shi. Na biyu ekstiruda, ɗan ƙarfe ne da sirinji hagu da dama, tsakiya akwai mataci mai ƙofofi, ka fara da na nanomita 400 ka koma 200 ka ƙare a 100. Adadin turawa mara ake yi ba cika ba, 11 ko 21, don ruwan ya ƙare a sirinjin da bai fara ba, kar ya koma ya haɗu da manyan da sunka kasa wucewa. Lesitin na wucewa salin-alin. HSPC kuwa sai ƙarfen ya ɗauki zafi wajen digiri 60, in ya huce ko da ƙirji ka danna sirinjin ba ya motsi.

Dalilin wahalar 100 ɗin nan: hanyoyin jinin da ƙari ke shimfiɗa wa kansa aikin gaggawa ne, bangonsu duk ɓula, magudanar da ke kwashe ruwa daga nama kuma ba ta aiki sosai a wurin, to ƙunshi mai wannan girman in ya zo wucewa sai ya zurare ciki ya kasa fita, alhali a zuciya bangon jijiya a matse yake ba ya samun ƙofa. Matsumura da Maeda na Japan sunka bayyana haka a 1986, ana ce mishi EPR. A takarda abin gwanin daɗi. Sai dai wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwajen dabbobi na shekara goma ya gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin 100 ne kacal na abin da anka yi allurarsa ke isa ƙari, hanta da saifa ke kwashe kaso mai tsoka. Duk mai ce maka lifosom na tafiya kai tsaye ya nemo daji ya kashe, ka ce ya kawo lissafi.

Injin auna girma babu shi kusa, sai an aika samfur wata jiha cikin kula. Na naɗe kwalaben da auduga da kwali don kar su taɓa ƙanƙara, daskarewa ma fasa su take, na kai tasha na roƙi direba kar ya ɗora kular a but. Ya ce "yallaɓai mi ke ciki haka?" na ce magani, ya ajiye ta ƙarƙashin ƙafar ɗan gaba.

Litinin, 10 ga Maris

Azumi ya shigo tun 1 ga wata, zafi ma ya biyo bayansa. Na mayar da aiki dare, bayan asham zuwa inda ƙarfi ya ƙare. Sakamakon girma ya dawo, waɗanda sunka bi ta ekstiruda sun fito kusa da abin da ake so kuma kansu ɗaya, na girgiza kawai kuwa gauraye ne manya da ƙanana, don haka ekstiruda za mu riƙe.

Yanzu an zo kan ainihin aikin, bari in ɗan tsaya nan. Kowane fosfolifid na da digirin da yake sauyawa daga tauri zuwa ruwa-ruwa. Kowa ya ga man ja da hunturu, ya daskare cikin kwalba sai an kai shi rana, ga man gyaɗa kusa da shi bai ma san ana sanyi ba. Bambancin daga wutsiya yake, miƙaƙƙiyar wutsiya na jeruwa ta matse da 'yar'uwarta, mai lanƙwasa kuwa ba ta matsuwa. Lesitin na waken suya yawancin wutsiyarsa mai lanƙwasa ce, digirinsa na ƙasa da sifili, wato bangonsa kullum ruwa-ruwa yake ko a firij. DPPC, wani fosfolifid mai miƙaƙƙiyar wutsiya, na sauyawa a 41. HSPC sai an wuce 50. Kuma wani abin mamaki, yoyo ya fi tsanani daidai kan gaɓar sauyawar, lokacin da wani yanki na bangon ya narke wani bai narke ba, ta tsakanin nan abin ciki ke samun hanya. Shi kolestarol cusa kansa yake tsakanin wutsiyoyi ya toshe giɓi ya kuma kashe kaifin wannan sauyawar, shi ya sa a Doxil ya kusa kashi 40 cikin 100 na adadin ƙwayoyin man bangon.

Haɗin da zan gwada: lesitin zalla, lesitin da kolestarol, HSPC da kolestarol, sai ɗan DPPC zalla da wata 'yar ajinmu ta rage mini daga nata aikin, Allah ya saka mata. Kowanne an raba shi gida huɗu, firij, kan kanta a ɗaki, obin da anka saita a 40, da randa.

Randar ita ce ta jawo dariya a leb. Dabarar tukunya cikin tukunya ce, ka sa ƙarama cikin babba ka cika tsakani da jiƙaƙƙen yashi ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan na tsattsafowa ta jikin babbar shina bushewa shina tafiya da zafi. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa ta don ajiye kayan miya har ya samu kyautar Rolex a 2000. Inna ce ta zaɓo mini su a kasuwa, ta bi su ɗaya-ɗaya tana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa tana saurare, ta ture wadda na nuna ta ce ta sha gogi da yawa ba za ta yi gumi ba, a ɗauki mai kaushin nan. Ba na sa ran randa ta kai digiri 8, ba za ta kai ba. So nake in san ko abin da take ragewa ya isa ya canza wani abu.

Awon kansa: ka ɗebi kaɗan ka zuba a jakar dayalisis, wadda ƙunshi ba ya iya ratsa ta, ka tsoma cikin bafa, abin da ya zubo daga ƙunshi ya ratsa jakar ya fito, ka karanta shuɗin da injin auna launi a hasken nanomita 664. Sannan ka fasa sauran da sabulun Triton don ka san jimillar abin da ke ciki. Kurkumin a 425 ake karanta shi, kuma ba ya son haske, kwalabensa duk a naɗe suke.

Litinin, 24 ga Maris

A taƙaice don barci nake ji. Lesitin zalla ya saki shuɗinsa, na ɗaki da na obin tun satin farko, na firij ma shina bin su a hankali. Araha ba ta ado. Wanda anka sa wa kolestarol ya fi riƙo nesa ba kusa ba. HSPC ko gezau a duk wuraren. Kurkumin bai zubo sosai ba amma launinsa ya fara kodewa a na obin. Sai bayan Sallah in Allah ya kai mu.

Talata, 8 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. Na dawo na iske abu biyu.

Na farko DPPC. Ɗakin da nake ajiye samfur rufin kwano ne, tamomita na haura 40 da azahar kamar yadda ta saba a Afrilun garin nan, kuma DPPC na kan kanta ya zazzage kusan duk abin da ke cikinsa, ruwan wajen jaka shuɗi shar. Na randa bai yi haka ba, ya riƙe mafi yawan nasa. Tazarar da ke tsakanin randa da kanta ba wata mai yawa ba ce, amma ta faɗo daidai kan gaɓar 41 ɗin nan, ɗaya na ƙasa da ita ɗaya na hawa kanta kullum da rana ya sauko da dare.

Abin da ya sa na daɗe zaune gaban kwalbar, a Amurka da gangan anka ƙera irin wannan. David Needham na jami'ar Duke ya haɗa lifosom na DPPC da ke riƙe doksorubisin a zafin jiki na 37, in an ɗumama ƙarin da inji zuwa 41 ko 42 sai ya fashe da maganin nan take a wurin. ThermoDox sunansa, an gwada shi kan sankarar hanta, babban gwajin farko bai ba da abin da ake so ba a 2013, na biyu ma anka tsayar da shi a 2020. Dabara ce mai kyau ko da ba ta ci ba. Amma zafin da su sai sun kunna inji su same shi a cikin ƙari, mu shi ne zafin cikin motar haya tsakanin Jega da Yauri da ƙarfe biyu na rana. Haka ma ƙa'idar gwajin daɗewar magani ta duniya, digiri 40 shi ne gwajin matsi, wanda ake gana wa magani azaba da gangan wata shida don a ga ƙarshensa, maganin firij kuwa matsinsa 25 ne kawai. Wato maganin firij ba a ma tambayarsa mi zai yi a 40, an ɗauka ba zai taɓa ganin ta ba. Wanda ya taɓa karɓar kula daga hannun ɗan'uwan majinyaci da ya taso tun asuba daga Zuru ko Kamba, ya buɗe ya iske ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi kwalba na iyo ciki, ya san tana ganin ta.

Na biyu firij. Cikin hutun Sallah an ɗauke wuta, janareta ba mai, tamomitar da ke riƙe mafi girman zafi ta nuna cikin firij ɗin ya kusa zama ɗaya da ɗaki kafin wuta ta dawo. Na je wa Malam da niyyar a zubar a sake. Ya ce a'a, a sake sabo a kai firij mai sola, amma waɗannan ma kar a zubar, a rubuta musu suna daban a ci gaba da auna su, don wannan shi ne firij ɗin da magani zai tarar a yawancin wuraren da za a kai shi. Na ce Allah ya gafarta Malam ai wannan ba ya cikin furofozal. Ya ce to yanzu ya shiga.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Hira da Sista a ɗakin kemo ta buɗe mini wani gefe da ban sa a lissafi ba. Na ƙunshin nan ya sauƙaƙa wa zuciya da gashi, amma ya zo da nasa, tafin hannu da tafin ƙafa su yi ja su kumbura su yi zafi har fata ta saɓule. Saboda daɗewar da yake yi a jini shina taruwa a ƙananan jijiyoyin fata, an ma same shi cikin gumi, kuma tafi na cikin wuraren da sunka fi ko'ina ƙofofin gumi. Shawarar da ake bayarwa ita ce a guji zafi, a guji guga, a bar matsattsen takalmi da ruwan zafi. Sista ta yi dariya ta ce "ɗan'uwa, je ka gaya wa matar da ke daka da wanki da tuƙin tuwo a watan Afrilu ta guji zafi da guga." Ta ce in za a kawo irin wannan magani nan, da miji da uwar miji za a zauna tun ranar farko a raba aikin gida, ba takarda za a miƙa wa majinyaciya ba.

Wannan ba aikin kwalba ba ne, ba zan iya auna shi ba, amma zai shiga babin tattaunawa.

Talata, 29 ga Afrilu

Malam ya ba da izinin doksorubisin, da HSPC da kolestarol kaɗai tunda su sunka tsira. A leb mai akwatin zuƙe iska munka yi, riga, tabarau, safar hannu biyu, duk abin da ya taɓa shi a leda daban.

Ba a zuba shi tun wurin jiƙa fata kamar yadda munka yi wa shuɗin, in ka yi haka kaɗan ne ke shiga saura ya tafi a banza. Dabarar Barenholz ake bi. Ka jiƙa fatar da ruwan amoniyam salfet, ka rage girma, sannan ka wanke na waje ta dayalisis ya zama gishirin na ciki kawai. Amoniya na ratsa bango ta fice ta bar cikin da tsami. Shi kuma doksorubisin a waje wani kasonsa ba ya ɗauke da caji, haka yake ratsawa ya shiga, da ya ji tsami sai ya ɗauki caji ya kasa komawa, ya haɗu da salfet ya dunƙule a ciki, na waje ya sake shigowa, haka haka har kusan duka ya shige. Da wannan hanyar ana wuce kashi 90 cikin 100. Ana yi a digiri 60 don bangon ya saki, in an gama a tsoma cikin ruwan sanyi ya rufe.

Wurin tacewa a kolom na Sephadex, wato bututun da anka cika da gari mai ramuka, na ga abin da idona. Jan layi mai ɗan duhu ya sauko da wuri, wannan na ƙunshi ne don manya ba su tsayawa shiga ramukan garin, can sama kuma wani siririn ja mai haske na biyo baya a hankali, wanda bai shiga ba kenan, kuma ɗan kaɗan ne. Baba da ya rako ni ya ce "to, yau ka yi magani." Na ce Baba ko ɓera ba a yarda in sa wa wannan ba. An raba shi wuraren ajiya, a 480 za a riƙa karanta shi.

Litinin, 12 ga Mayu

Yoyo ba shi kaɗai ba ne. Tsofaffin kwalaben lesitin na obin da na ɗaki sun fara warin tsohon mai in ka buɗe, launinsu ya ja rawaya, iska ce ke cin wuraren lanƙwasar wutsiya. HSPC ba ya da waɗannan wuraren don haka wannan bai dame shi ba, nasa ciwon daban ne, ruwan da yake zaune ciki na yanke mishi wutsiya ɗaya a hankali, kuma fosfolifid mai wutsiya ɗaya halin sabulu gare shi, in ya yi yawa shi zai ɓula bangon daga ciki. Zafi na ƙara wa wannan gudu, tsami ko kanwa-kanwa ma haka, ya fi lafawa wajen 6.5 a ma'aunin tsami na pH, wanda kuma nan anka saita Doxil. Wato HSPC na iya zama lafiya a ido, bai zubar da komai ba, alhali ana ci mishi gindi. Zan duba da faranti na TLC, wanda ke rarraba sinadarai a ga abin da ke ciki.

In ruwa ne abokin gaba to a cire ruwan. Vyxeos da anka amince da shi a 2017 don sankarar jini gari ne a kwalba, sai za a yi amfani da shi ake jiƙawa, duk da haka shi ma firij anka ce. Busarwa ta daskarewa na buƙatar sukari, sukuros ko tirehalos, ya tsaya a madadin ruwa jikin bango kar ƙunshin ya fashe ko ya manne da juna.

Litinin, 26 ga Mayu

Hadari ya fara haɗuwa, iska ta yi nauyi, randa kuma ta rage sanyi don gumin jikinta ba ya bushewa da sauri kamar a Maris. Dole bayanin randa ya rabu biyu, na rani da na damina, kuma sai na samo abin auna laima in rataya kusa da ita.

Doksorubisin na HSPC har yanzu shina riƙe a firij mai sola da randa, na obin ya fara nuna ɗan ja a wajen jaka. TLC na jiran sinadarin fesawa. Malam ya yi magana da wani abokinsa mai injin busarwa a wata jami'a, sun ce a kawo samfur bayan Babbar Sallah, don haka satin nan zan haɗa sabon kashi, rabi da sukuros rabi da tirehalos in ya iso, in bai iso ba sukuros kaɗai.